Me ya ɗaure Sabiyawa da Kosobo, kuma ina ne ainihin ƙasarsu?

Ɗan Gwandu:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga dattawan wannan zaure, musamman Malam da ya daɗe yana koyar da tarihin Turai. Tun ranar 17 ga Fabrairun 2008 Kosobo ta ayyana kanta ƙasa mai cin gashin kanta, kuma Amurka da Ingila da Faransa da Jamus da Turkiyya da Saudiyya duk sun amince da ita, amma har gobe gwamnatin Sabiya da ke Belgrade lardinta take kiran wurin, ta ma rubuta hakan a gabatarwar tsarin mulkinta na 2006. Mazauna Kosobo fiye da kashi 90 cikin ɗari Albaniyawa ne, akasarinsu Musulmi. To mene ne ya ɗaure Sabiyawa da ƙasar da ba su ne suka cika ta ba, alhali a 2006 Montenegro ta ɓalle ta hanyar ƙuri'ar raba gardama suka ƙyale ta ba a harba harsashi ko ɗaya ba, duk da cewa da tafiyarta suka rasa gaɓar teku baki ɗaya?

Tsohon Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Amsar tana da nisa, domin ƙasar Sabiyawa ba a Belgrade ta soma ba. Belgrade, wadda take mahaɗar kogin Sava da kogin Danube, ta shafe ƙarnoni tana garin kan iyaka da ake ƙwace ta hannu zuwa hannu. Cibiyar daularsu ta farko tana kudu, a yankin Ras kusa da garin da yau ake kira Novi Pazar. A can Stefan Nemanja ya kafa gidan sarauta a ƙarshen ƙarni na 12, ɗansa Stefan ya sami kambin sarauta a 1217, ɗaya ɗan nasa kuma, Sava, wanda ya bar fada ya shiga ruhubananci, ya samo wa cocin Sabiya 'yancin tafiyar da kanta a 1219. Wato gida ɗaya ne ya haifi sarautar da cocin, kuma tun daga lokacin ba a iya raba su a tunanin mutanen.

Da daular ta bunƙasa sai ƙarfinta ya koma Kosobo. Kujerar babban limamin cocinsu tana Peć, manyan gidajen ruhubanawansu na Dečani da Gračanica ma a can suke, an gina su a ƙarni na 14, kuma ma'adinan azurfa na Novo Brdo da suka arzuta sarakunan su ma a can suke. Stefan Dušan ya naɗa kansa sarkin sarakuna a 1346, ya fitar da kundin dokoki a 1349, amma da ya mutu a 1355 hakimai suka yayyaga ƙasar. A cikin wannan rarrabuwa ce aka gwabza yaƙin Filin Kosobo a 1389 tsakanin Yarima Lazar da Sarkin Turkawa Murad na Ɗaya, kuma dukansu biyu a nan suka kwanta dama.

Abin da ya fi yaƙin kansa tasiri shi ne waƙoƙin da aka yi a kansa. Makaɗa, da yawansu makafi, suna yawo ƙauye ƙauye da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da suke kira gusle, kusan irin kukumarmu, suna rera cewa an ba Lazar zaɓi tsakanin mulkin duniya da mulkin sama, ya zaɓi na sama. Yaro ya tashi yana jin wannan shekara da shekaru a zamanin da ba su da sarki ba su da makaranta. A ƙarni na 19 Vuk Karadžić ya bi ya tattara waƙoƙin ya buga, shi ne kuma ya gyara rubutun harshen ya tsayar da haruffa 30. Montenegro kuwa ta taɓa zama ƙasa mai sarkinta, an amince da 'yancinta a 1878 rana ɗaya da na Sabiya, saboda haka rabuwa da ita rabuwar 'yan'uwa ce da kowa ya san gadonsa. Kosobo ita ce suke ɗauka asalin gidan.

Hajiya Uwar Marayu:
Allah ya gafarta Malam, na karanta bayaninka har ƙarshe, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Mu da muka yi wayo a shekarun 1990 ba waƙoƙi muke tunawa ba idan an ambaci Sabiyawa. Muna tuna yadda aka yi wa Sarajevo, babban birnin Bosniya, ƙawanya tun daga 1992, ana harbin mata a layin ɗibar ruwa, muna tuna alƙunutun da aka riƙa yi a masallatai saboda Musulmin Bosniya, muna kuma tuna Srebrenica, inda a Yulin 1995 aka ware maza da samari wajen 8,000 aka kashe cikin 'yan kwanaki, a garin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tudun mun tsira ne. Kuma wannan tarihin na 1389 da kake faɗa, ai shi shugaban Sabiya na lokacin, Slobodan Milošević, ya ɗauko a 1989, ya tara dubban ɗaruruwan mutane a filin yaƙin da sunan cika shekara 600, bayan ya ƙwace wa Kosobo 'yancin tafiyar da al'amuranta. Ina tsoron kada mu ƙawata labarin da aka fake da shi aka zubar da jinin bayin Allah.

Tsohon Malamin Tarihi:
Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya, duk abin da kika lissafa haka ya faru, kuma bayyana dalilin mutum ba wanke shi ba ne. Hasali ma tarihin na gaskiya ya fi ƙarfin masu fakewa da shi. Bayan yaƙin 1389, ɗan Lazar, Stefan Lazarević, ya yi mubaya'a ga Sarkin Turkawa Bayazid, ɗan Murad, aka aurar da 'yar'uwarsa Olivera ga Bayazid ɗin, shi kuma ya yi wa Turkawa yaƙi a Nikopolis a 1396 da Ankara a 1402. Daular Sabiya ba ta faɗi ba sai 1459 da aka ci Smederevo, shekara 70 cur bayan yaƙin da ake cewa shi ya ƙarar da ita. Sannan cocinsu da ya durƙushe, a ƙarƙashin mulkin Turkawa aka farfaɗo da kujerar babban limaminsa a Peć a 1557, kuma ana danganta hakan da Mehmed Pasha Sokolović, haifaffen Bosniya daga gidan Kiristoci 'yan Otodoks, wanda aka ɗauke shi yana yaro, ya musulunta, daga baya ya zama babban wazirin daular Usmaniyya. Makaɗan ba su cika saka wannan ɓangaren a baitocinsu ba.

Ɗan Maradi:
Malam, akwai abin da ya tsaya mini. Na ga an rubuta cewa boren da Sabiyawa suka yi wa Turkawa ya fara ne a 1804, shekarar da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Dagel zuwa Gudu. Ko akwai alaƙa tsakanin al'amuran biyu, ko kuwa dacewa ce kawai? Na biyu, idan Kosobo ce asalinsu, yaya aka yi Albaniyawa suka fi su yawa a can?

Tsohon Malamin Tarihi:
Dacewar shekara ce, har ma da wata, domin duka biyun a Fabrairu ne, amma babu wata igiya da ta haɗa su. A kula kuma, idan na ce daular Usmaniyya a nan, ta Turkawa nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba. Boren 1804 da Karađorđe ya jagoranta da farko ba a kan Sarkin Istanbul aka yi shi ba. Wasu hafsoshi huɗu ne na Janisari, wato zaratan sojojin Sarkin, suka kangare, suka kashe gwamnan da Sarki ya naɗa a Belgrade, suka bi shugabannin ƙauyuka suna yankewa, sai talakawa suka ɗauki makami. Daga baya ne abin ya zama neman 'yanci, aka murƙushe shi a 1813. Miloš Obrenović ya sake tayar da wani a 1815, shi kuma ya fi dogara da lallami da ciniki da Istanbul, har aka ba su ikon cikin gida a 1830, sojojin Turkawa suka fice daga ganuwar Belgrade a 1867, taron Berlin na 1878 ya tabbatar musu da cikakken 'yanci. Duk wannan a arewa ya faru, a dazuzzukan Šumadija, Kosobo kuwa tana hannun Turkawa har 1912.

Batun yawan jama'a shi ne inda masana ɓangarorin biyu suka fi kai ruwa rana. Abin da ba a musu a kansa shi ne a 1690, bayan sojojin Ostiriya da Sabiyawa suka mara wa baya sun ja da baya, babban limami Arsenije na Uku ya ja dubban iyalai suka haura arewa zuwa ƙasar da ke ƙarƙashin Ostiriya, wadda wani ɓangarenta ne yau ake kira Vojvodina. A can ne ilimin zamani da ɗab'in littattafai suka fara kafuwa a cikinsu, shi ya sa Novi Sad ta zama garin malamai. A ɗaya gefen, a yaƙin 1877 zuwa 1878 Sabiya ta kori dubban Albaniyawa Musulmi daga yankin Niš da Toplica, kuma Kosobo suka kwarara. Ka ga kowane ɓangare yana da labarin korar da aka yi wa kakanninsa, kuma kowanne nasa kaɗai yake koya wa 'ya'yansa.

Ɗalibi a Belgrade:
Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Ina karatu a nan da tallafin da gwamnatin ƙasar ke ba ɗaliban Afirka da Asiya, kuma ina so in ƙara abin da ido ya gani. Abin da na ga ya fi riƙe su a matsayin al'umma, fiye da tuta da jawabin 'yan siyasa, shi ne al'adar da suke kira slava. Kowane gida yana da waliyyin Kirista da yake girmamawa rana ɗaya a shekara, kuma ɗa yana gadon waliyyin ne daga ubansa, har mutum kan gane danginsa na nesa ta hanyar ranar da suke yi. Wani abokin karatuna ya gayyace ni tasu ranar 19 ga Disamba, ta waliyyi Nikola, wadda ita ce gidaje suka fi yi. Ina shiga uwar gidan ta tare ni da faranti ɗauke da dafaffiyar alkama da aka kwaɓa da sukari, kowane baƙo ya ɗebi cokali ɗaya ya kurɓi ruwa kafin ya zauna. A kan tebur ga doguwar kyandir tana ci tun safe, ga wani zagayayyen burodi da aka yi wa ado, wanda limaminsu ya riga ya tsaga ya yi addu'a a kai. Da yake ranar tana faɗowa cikin azuminsu na kafin Kirsimeti, babu nama a gidan ko kaɗan sai kifi da wake, abin da ya sauƙaƙa mini, giyar kuwa da na ce ba na sha ba wanda ya matsa. Kakan gidan ya gaya mini cewa ko a zamanin kwaminisanci, da mutane ke tsoron a gan su a coci, ba su fasa kunna wannan kyandir ba.

Ga Hajiya kuma, akwai Musulmi 'yan ƙasa a Sabiya, kimanin kashi 4 cikin ɗari na mutum miliyan 6.6 da ƙidayar 2022 ta nuna, mafi yawansu Bosniyawa ne na yankin Sandžak, kuma Novi Pazar da Malam ya ambata a matsayin mafarin daular, yau gari ne na Musulmi da ake kiran salla a fili. A Belgrade kuwa, cikin ɗimbin masallatan zamanin Turkawa guda ɗaya ne ya rage, Bajrakli, kuma ranar Juma'a ba ya ɗaukar jama'a. A Maris na 2004 'yan zanga-zanga sun cinna masa wuta, da na garin Niš, a matsayin ramuwa kan coci-cocin da aka ƙona a Kosobo cikin kwanakin.

Hajiya Uwar Marayu:
Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya ba da sa'ar karatu. Amma ka amsa mini abu ɗaya tsakani da Allah: idan an ambaci Srebrenica a gaban abokan naka, me suke cewa?

Ɗalibi a Belgrade:
Hajiya, sun kasu. Akwai masu cewa ta'asa ce babba kuma abin kunya, akwai ƙungiyoyin mata da ke tsayuwa a dandalin birni sanye da baƙaƙen kaya duk shekara don tunawa da ita, ana zaginsu ba su fasa ba. Amma da yawa sukan yarda an yi kisa su ƙi yarda a kira shi kisan ƙare dangi, nan take kuma su juya magana zuwa sansanin Jasenovac, inda gwamnatin Ustaša ta Kuroshiya ta hallaka dubun dubatar Sabiyawa da Yahudawa da Romawa (ƙabilar Roma da ake kira Gypsy) a Yaƙin Duniya na Biyu, ko zuwa Agustan 1995 da kusan Sabiyawa 200,000 suka gudo daga Kuroshiya a kan taraktoci. Na kuma ga hoton Ratko Mladić, kwamandan sojan da suka yi kisan Srebrenica, an zana a bangon wani gini a tsakiyar gari.

Barista:
Bari in shigo da abin da kotuna suka yanke, don kada mu tsaya kan ji-ta-ji-ta. Kotun musamman ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Hague ta tabbatar cewa abin da ya faru a Srebrenica kisan ƙare dangi ne, kuma Radovan Karadžić da Ratko Mladić, shugabannin Sabiyawan Bosniya na siyasa da na soja, suna zaman ɗaurin rai da rai. A 2007 Kotun Duniya ta yanke cewa ƙasar Sabiya ba ita ta aikata ba, amma ta karya doka da ta kasa hanawa, ta kuma kasa miƙa masu laifi. A 2010 majalisar dokokin Sabiya ta zartar da ƙudurin yin tir da kisan tare da neman gafarar iyalai, sai dai ta kauce wa kalmar da kotu ta yi amfani da ita. Milošević kuwa ba sojan waje ne ya tumɓuke shi ba, mutanensa ne suka cika tituna ranar 5 ga Oktoban 2000 bayan ya ƙi amincewa da faɗuwa zaɓe, kuma firaminista Zoran Đinđić da ya miƙa shi Hague a 2001, harbe shi aka yi a Maris na 2003. Milošević ya mutu a tsare a 2006 kafin a yanke masa hukunci.

Game da Kosobo, hujjar Belgrade ta shari'a ba 1389 ba ce. Hujjarta ƙuduri mai lamba 1244 ne na Kwamitin Sulhu, wanda ya biyo bayan ruwan bama-baman kwana 78 da NATO ta yi a 1999, ya sanya yankin ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya ba tare da ya ce an yanke shi daga ƙasar ba. A 2010 Kotun Duniya ta ba da fatawa cewa ayyana 'yancin bai saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa ba, amma ba ta ce wajibi ne kowa ya amince da sabuwar ƙasar ba. Shi ya sa Sifaniya da Girka da Romaniya da Sulobakiya da Saifurus, dukansu 'yan Tarayyar Turai, suka ƙi amincewa, yawancinsu saboda kowa yana da nasa ɗan a-ware a gida, Rasha da Sin kuma suka tare mata ƙofar Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ɗan Gwandu:
Na gode, Barista. Amma kada a manta dalilin da NATO ta bayar, wato dubban ɗaruruwan Albaniyawa da aka kora daga gidajensu zuwa Albaniya da Masedoniya a 1999. Ni a ganina gwamnatin da ta yi wa talakawanta haka ta zubar da haƙƙin mulkarsu, ko me takarda ta ce.

Barista:
Wannan ita ce hujjar Pristina, babban birnin Kosobo, kuma tana da nauyi. Matsalarta ita ce duk mai ƙarfi yana iya ɗaukarta ya yi aikinsa da ita, kuma Rasha ta kafa misali da Kosobo lokacin da ta haɗiye Kirimiya a 2014. A ƙara da cewa bayan janyewar sojan Sabiya a Yunin 1999 an kai wa Sabiyawan Kosobo da Romawa hare-haren ramuwa, da yawansu suka tsere, har yau kuma dakarun ƙasa da ƙasa ne ke gadin gidan ruhubanawa na Dečani.

Tsohon Injiniya:
Ni dai zan yi magana ne a matsayin wanda ya yi aiki tare da 'yan Yugoslabiya a zamanin da kuɗin fetur ke hannunmu. Kamfaninsu na Belgrade, Energoprojekt, shi ya gina filin baje kolin ƙasa da ƙasa na Legas a shekarun 1970, kuma a Belgrade aka yi taron farko na Ƙungiyar 'Yan-ba-ruwanmu a 1961. Waɗanda na sani a lokacin, idan ka tambaye su asali sai su ce 'yan Yugoslabiya ne, sai an daɗe ake gane wane Basabe ne, wane Bakuroshe. Abin da matasa ba su gane ba shi ne Yugoslabiya ce kaɗai ƙasar da ta taɓa tara kusan dukkan Sabiyawa a inuwa ɗaya, daga 1918. Tito, shugabanta na zamanin kwaminisanci, wanda ba Basabe ba ne, ya raba ta jamhuriyoyi shida, tsarin mulkin 1974 kuma ya ba Kosobo da Vojvodina iko mai faɗi a cikin Sabiya kanta, abin da ya yi wa masu kishin Sabiya ciwo. Muddin ƙasar ɗaya ce, iyakokin cikin gida ba su dami kowa ba. Da Tito ya mutu a 1980, bashi ya yi katutu, jamhuriyoyi suka fara neman ficewa, sai waɗannan layukan suka zama iyakokin ƙasa da ƙasa, Sabiyawa wajen miliyan 2 suka wayi gari a wajen Sabiya. Yau fiye da miliyan ɗaya suna Bosniya, inda yarjejeniyar Dayton ta 1995 ta ba su kashi 49 cikin ɗari na ƙasar da sunan Republika Srpska. A Kuroshiya kuwa daga kashi 12 cikin ɗari a 1991 sun dawo kusan kashi 3. Ko Nikola Tesla da suka sa wa filin jirgin saman Belgrade sunansa, a wani ƙauye na Kuroshiya ta yau aka haife shi.

Ɗan Maradi:
To Baba Injiniya, ashe ke nan a Bosniya suna cewa mai rinjaye a yanki shi ke da iko da shi, a Kosobo kuma suna cewa iyakar ƙasa ba ta taɓuwa ko da rinjaye na wasu ne. Ai ba a cin biyu.

Tsohon Injiniya:
Haka ne, ɗana, kuma ƙasashen Yamma ma biyun suke ci ta ɗaya gefen, domin sun yarda Kosobo ta fita amma sun hana Sabiyawan Bosniya ko da furta hakan. Kowa ƙa'idar da ta yi masa daɗi yake ɗauka.

Ɗalibi a Belgrade:
Iyayena, ku ba ni dama in ƙara ɗaya. A zahiri hirar yau da kullum ta tsarana a nan ba Kosobo ba ce, da yawansu ma ba su taɓa taka ƙafa can ba. Hirarsu ita ce neman aiki a Jamus ko Ostiriya, da ƙauyukan kudu da gabas da suka koma na tsofaffi zalla, da cin hanci. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 rumfar kankare ta tashar jirgin ƙasa ta Novi Sad, wadda ba a daɗe da gyara tashar ba, ta rufto kan mutane, 16 suka rasu, kuma daga nan ɗalibai suka rufe jami'o'i, suna tsayar da motoci a yi shiru na mintuna don tunawa da mamatan, wasu suka riƙa tafiya a ƙafa daga gari zuwa gari, har firaminista ya yi murabus a Janairun 2025. Ɗaliban Novi Pazar Musulmi sun shiga tare da sauran. Amma waɗannan ɗaliban, idan ka tambaye su ko a sa hannu a sallama Kosobo don a shiga Tarayyar Turai, waɗanda na sani kaɗan ne za su ce a sa.

Barista:
Shi ya sa tattaunawar ta cije. Sabiya ta zama 'yar takarar shiga Tarayyar Turai tun 2012, an buɗe shawarwari a 2014, kuma sharaɗin daidaitawa da Pristina yana ciki. A yarjejeniyar Brussels ta 2013 an amince a kafa wa ƙananan hukumomin da Sabiyawa suka fi yawa a Kosobo wata ƙungiya ta haɗin gwiwa, amma Pristina ba ta kafa ba, tana tsoron kada ta zame mata wata Republika Srpska. A 2023 Tarayyar Turai ta sanar cewa Shugaba Aleksandar Vučić na Sabiya da Firaminista Albin Kurti na Kosobo sun cimma matsaya a Ohrid, sai dai Vučić bai sa hannu a takardar ba, kuma a Satumbar wannan shekarar wasu Sabiyawa ɗauke da makamai suka yi arangama da 'yan sandan Kosobo a ƙauyen Banjska, aka kashe ɗan sanda ɗaya. Idan Ɗan Gwandu yana son bin lamarin, ya sa ido kan ƙananan hukumomi huɗu na arewacin kogin Ibar da kuma batun wannan ƙungiya da ba a kafa ba, domin a nan ne ake jan igiyar yanzu.